Rumbun bayanai na nesa: yaya yake aiki?

Mine ne rumbun bayanai?

Tsari ne na kwamfuta mai ajiye bayanai cikin jadawali. Misali, jadawali guda na ɗauke da sunayen mutane, wani kuma na ɗauke da lissafin kuɗinsu. Kowane mutum yana da lambarsa, kuma lambar ce ke haɗa su. Edgar Codd, ma'aikacin kamfanin IBM a Amurka, shi ya fito da wannan tsari a shekarar 1970.

Ina rumbun yake?

Ma'aikatu da yawa suna hayar wuri a kwamfutocin wani babban kamfani, suna isa gare shi ta intanet. Wannan ake kira gajimare. Kamfanin Amazon ya fara irin wannan haya, mai suna RDS, a 2009.

Mi ke faruwa a ciki?

1. In an aika kuɗi, ana ragewa a asusun mai aikawa, a ƙara a na mai karɓa. Ko duka biyu su tabbata, ko a soke duka.

2. Kowane canji ana fara rubuta shi cikin kundi na musamman. In wuta ta ɗauke, da kundin ake maido da aikin.

3. Ana iya ajiye kwafi a wani gini dabam. In kwamfutar farko ta lalace, ta biyu ta karɓi aiki. Tsarin Aurora na Amazon yana ajiye kwafi 6 a wurare 3.

A riƙe

Kamfani ke kula da injuna. Amma tsaron kalmar sirri, da zaɓen wanda zai ga bayanan, alhakin mai haya ne.