Yarinyar da Aka Saya da Kwabo Tara

An haifi Gladys Aylward a birnin Landan a 1902. 'Yar talakawa ce, aikinta shara da wanke-wanke a gidajen masu kuɗi. Ta nemi ƙungiyar mishan ta China Inland Mission ta aike ta ƙasar Sin, amma suka ƙi, suna ganin ba za ta iya koyon harshen ba. Sai ta tara ɗan albashinta, ta shiga jirgin ƙasa a farkon shekarun 1930, ta ratsa ƙasar Rasha, har ta isa garin Yangcheng a lardin Shanxi.

A can ta haɗu da wata tsohuwa mai aikin bishara, Jeannie Lawson. Suka buɗe masauki domin fatake masu alfadarai, suna ba su abinci da wurin kwana, da dare kuma su ba su labarin Yesu.

A zamanin nan akwai al'adar ɗaure ƙafafun 'yan mata tun suna ƙanana domin kada su girma. Ƙasusuwa sukan karye, yarinya ta gurgunce har tsufanta. Gwamnati ta hana, hakimin garin kuwa ya naɗa Gladys ta riƙa zagaya ƙauyuka tana kwance ƙafafun yara. Ta haka mutane suka saba da ita.

Wata rana ta ga wata mace a bakin hanya da yarinya ramammiya, duk ƙuraje, tana neman mai saye. Gladys ta ba ta abin da ke hannunta, kimanin kwabo tara, abin da kakanninmu ke kira nai. Ta kai yarinyar gida, ta yi mata wanka, ta yi jinyarta. Daga wannan ɗaya marayu suka yi ta ƙaruwa. A 1936 Gladys ta zama 'yar ƙasar Sin.

Da yaƙi ya ɓarke, jiragen Japan suka zuba bama-bamai a Yangcheng a 1938. Gladys ta yi jinyar waɗanda suka ji rauni, ta karɓi yaran da iyayensu suka mutu. A 1940, da sojoji suka matso, ta kwashi yara wajen 100, suka bi duwatsu da ƙafa, suna roƙon abinci a ƙauyuka, manya suna goyon ƙanana. Suka haye babban kogin Huwang He, bayan makonni suka isa Xi'an. Da isarsu ta faɗi da zazzaɓi mai tsanani, da kyar ta tashi.

Daga baya ta buɗe gidan marayu a Taiwan, inda ta rasu a 1970.

Mai karatu, ka lura da yadda aikin ya fara. Ba kwamiti, ba asusu, ba asibiti. Matar da aka ce ba ta cancanta ba ta ga yarinya ɗaya a bakin hanya, ba ta wuce ba. Maraya na farko da za mu taimaka, watakila yana bayan gidanmu.