Ta'aliƙi a kan Komadugu da waliyyan Kulumbardo

Bismillahi. Ka sani, ya kai ɗalibi, inda mai rubutun ya ce kogin Barno a wannan warƙa, Komadugu Yobe yake nufi, wannan da muke sha a nan Tumur. Kalmar komadugu da Barbarci ma'anarta kogi, don haka mai cewa "kogin Komadugu" ya maimaita magana. Ruwansa daga Hausa yake zuwa: kogin Haɗeja da na Jama'are su haɗu, ya bi ta Gashuwa da Gaidam da Difa, ya faɗa tafkin Cadi wajen Boso.

Kusa da shi Mai Ali Gaji ya gina Birnin Ngazargamu a ƙarshen ƙarni na 15, garin alarammomi da gwanaye, har ya faɗi a 1808.

Sunan da ke gefen warƙar kuwa, wanda almajirai suke tuntuɓe a kansa saboda rashin wasali, Kulumbardo ne. Na sha jin masu cewa a bakin ruwa garin yake. Ba haka ba ne. Yana arewa da kogin, cikin rairayin ƙasar Nijar ta yau, nesa da fada, kuma ina ganin da gangan bayin Allah suka zaɓi nisan. Can Shehu Waldede da Shehu Jarmiyu suka tara mutane zamanin Mai Umar ɗan Idris. Sarki ya tsorata da yawan jama'arsu, aka kashe Jarmiyu, Waldede ya tsere Bagarmi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo labarin cikin Infaƙul Maisuri. Daga baya Shehu Abdullahi Albarnawi ya raya wurin da karatu da zikiri, har Shehu Ahmadul Yamani ya zauna gabansa, ya kai labarinsa Fas. Abzinawa suka kashe shi a 1088 Hijira, wato wajen 1677. Allah ya jiƙansu. Ɗansa Shehu Umar ya tashi da sauran jama'ar, daga bisani suka zauna Gaskeru.

Ina yaro, malaminmu yakan haye da mu kan gora zuwa tsangayun ƙetare, ba mai tambayarmu takarda. An datse ruwan a Tiga a 1974, aka ƙara na Calawa a 1992, sa'an nan fitina ta zo ta rufe mashigai a 2015. Almajiraina na yanzu, da yawansu ƴan gudun hijira, sun haddace sunayen nan daga bakina, amma ba ko ɗaya da ya taɓa taka kufan Ngazargamu.