Ɗakin Gwajin Liebig a Giessen

Kafin shekarar 1824, ɗalibin ilimin sinadarai a yawancin jami'o'in Turai ɗan kallo ne: malami ya haɗa, ya ƙona, shi kuwa ya rubuta. A shekarar ce aka naɗa Justus Liebig malami a Jami'ar Giessen ta Jamus yana ɗan shekara 21. Ɗakin da aka ba shi tsohon mazaunin masu gadin barikin soja ne.

Nan ɗalibi ke wuni a tsaye. Sai ya fara koyon gane abin da ke cikin sinadari, ya iya auna yawan kowanne, kafin a sakar masa hannu ya haɗa nasa. Hikimar a fili take, domin wanda bai iya tantance abin da ya haɗa ba, bai san me ya haɗa ba. A 1831 Liebig ya ƙera wata 'yar na'urar gilashi mai kumburi biyar, a zuba mata ruwan fotash, ta kama iskar da ke fita idan an ƙona sinadari. Daga ƙarin nauyinta ake lissafa yawan kabon. Aikin da a da sai gwani, ya zama na almajiri.

Almajirinsa Hofmann ya kai tsarin Landan a 1845. A 1856 ɗalibin Hofmann, William Perkin, ɗan shekara 18, ya yi ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro. Baƙin dagwalo ya samu. Maimakon ya zubar, sai ya bincika, ya tarar da rini mai launin shunayya, wanda ya buɗe masa masana'anta a 1857.