Madubin Ido da Cutar Yana

Madubin ido ɗan ƙaramin sashe ne garau, mai tudu gaba da baya, wanda ke zaune a bayan baƙin ido. A idon baligi faɗinsa kusan milimita 10 ne, kaurinsa kuma 4 zuwa 5. Shi da fatar gaban ido ne ke tattara haske su sauke shi a kan retina, shimfiɗar da ke can ƙuryar ido. Fatar ce ke yin kusan kashi biyu cikin uku na wannan aiki. Abin da madubin ya keɓanta da shi shi ne canza siffa: wata tsoka da ke kewaye da shi kan sa ya ƙara tudu in za a duba abu na kusa, ya baje in abin yana nesa.

Ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, daga ruwan cikin ido yake samun abinci. Kuma ba ya zubar da tsofaffin ƙwayoyinsa, sai dai sababbi su yi ta hawa kansu har ƙarshen rayuwa, don haka waɗanda ke tsakiyarsa tun mutum yana ciki suke nan. Daga nan yawancin larurorinsa suke tasowa. Bayan shekara 40 yakan fara tauri, karatu ya gagara sai an nisanta takarda ko an sa tabarau.

Babbar cutarsa ita ce yanar ido, wadda ta fi kowace cuta makantar da mutane a duniya. Furotin ɗin cikin madubin ne ke dunƙulewa ya dushe, gani ya yi ta raguwa ba tare da ciwo ba. Tsufa ne kan gaba a sababi. Ciwon sukari, shan taba, yawan hasken rana, bugu a ido da daɗewa kan magungunan sitiroyid suna gaggauta ta. Akan haifi jariri ma da ita.

Babu maganin ɗigawa da ke warkar da yana, sai tiyata. A 1949 Harold Ridley ya dasa madubin roba na farko a Landan, bayan ya lura cewa ɓarɓashin robar tagar jirgin yaƙi yana zama a idon matuƙa ba tare da kumburi ba. A 1967 Charles Kelman ya kawo hanyar farfasa madubin da na'ura a zuƙe shi ta ƙaramar kafa.

A arewacin Nijeriya tsohuwar hanyar gargajiya ba ta ɓace ba: a soka tsinke a ture madubin ya faɗa cikin ido. Haske kan dawo da farko, amma ƙwayar cuta da hawan jinin ido sukan biyo baya. Binciken makanta na ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya gano cewa yana ce sanadin kashi 43 cikin ɗari na makanta tsakanin masu shekara 40 zuwa sama. Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano suna cikin wuraren da aka daɗe ana tiyatar yana ta zamani.