Guguwar maganaɗisu a samaniyar Tasawa da Mayahi

Guguwar maganaɗisu hargitsi ne da ke samun maganaɗisun duniya idan rana ta watso ɓurɓushi mai lantarki, kamar yadda ya faru ranar 10 ga Mayu 2024. Tasirinta yakan bayyana a iyonosfiya, sashen iskar sama da ke farawa daga kimanin kilomita 60, wanda ke dawo da gajeren zangon rediyo ƙasa. Wasu za su ce Tasawa da Mayahi, a jihar Maraɗi, sun yi nesa da ƙuryar arewacin duniya, don haka abin bai shafe su ba. Wannan kuskure ne, domin suna 'yan digiri kaɗan arewa da layin tsakiyar maganaɗisu, inda lantarkin sama ke juya komai.

Da rana, idan guguwar ta turo ƙarfin lantarki mai fuskantar gabas, yakan cilla ilektoron sama, su gangara kimanin digiri 15 arewa da kudu da layin, sai ilektoron samaniyar yankin su ragu, na can su ƙaru. Bayan sa'o'i, iskar da ta ɗumama a ƙuryoyin duniya takan haifar da lantarki mai adawa da na farko, ilektoron su taru kusa da layin. Shi ya sa guguwa ɗaya ke iya rage ilektoron yankin yau, ta ƙara su gobe.  A irin wannan lokaci, mai sauraron gajeren zango yakan ji murya na dusashewa, na'urar GPS kuma ta kuskure wuri.