Sunan Dillali a Cikin Ƙunshi: Tarihin Algus Daga Kasuwar Kurmi Zuwa Gidan Mai

A farkon shekarar 1824, zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, Baturen nan mai yawon buɗe ido Hugh Clapperton ya sauka Kano, ya yi makonni yana shiga kasuwar Kurmi yana rubuta abin da ya gani. Cikin abubuwan da suka burge shi akwai wata al'ada ta masu tufafi. Duk rigar ko turkudin da aka saya aka ƙunshe, akan rubuta sunan dillalin da cinikin ya bi ta hannunsa a sa a ciki. In falke ya kai kayan Barno ko wata ƙasa mai nisa, ya kwance ya tarar da aibi, sai a komo da ƙunshin Kano, dillali ya nemo mai kayan, shi kuma ya mayar da kuɗi ko yana so ko ba ya so. Kasuwar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa tun ƙarni na 15 ta gane cewa babu abin da ke kare mai saye kamar a ce kowace haja tana da wani mutum sananne da za a iya kamawa a kanta. Ina ganin wannan ne muka yi sakaci da shi a cikin shekaru hamsin da suka wuce, muka tattara hankalinmu kacokan a kan farashi, kuma zuma da man fetur sun isa shaida.

Zuma ta daɗe tana cikin hajar kasuwanninmu, kuma a da tana zuwa ne da shaidarta. Mai amya yakan saƙa amyarsa da ciyawa ko ya fafe gungume, ya yaɓe ta da kashin shanu, ya turara ta don ƙudan zuma su shiga, ya ɗaure ta can saman ɗorawa ko kuka. In lokacin ɗiba ya yi sai ya hau da dare da wutar kara, ya sha harbi, ya sauko da abin da Allah ya ba shi. Ran kasuwa yakan kawo ta cikin ƙwarya ko tulu da saƙarta, mai saye ya ga farar saƙa da idonsa, ya gutsura ya tsotsa, ya tofar da kakin. Ban da wannan, an san mutumin, an san ƙauyensu, kasuwa mai zuwa ma nan za a gan shi. Yau zumar da akasarin mutanen birni ke saye a tace take, an ɗura ta cikin tsohuwar gorar ruwa ko ta lemo, babu suna babu adireshi, ana tallarta a tasha ko a bakin masallaci, mai tallar kuma gobe yana wani gari. Nan algus ya sami ƙofa: a dafa sukari har ya yi ja ya yi kauri, a zuba 'yar zumar gaske don ƙanshi, wani lokaci a jefa gutsuren saƙa da mataccen ƙudan zuma a sama don a kwantar wa mai saye da hankali. Abin da ya fi ciwo shi ne yawancin masu sayen nan don magani suke saye, suna riƙe da abin da Suratun Nahli ta faɗa game da warakar da ke cikin zuma, sai a kai wa majinyaci ko tsohuwa ko mai jego ruwan sukari zalla.

Mutane sun ƙirƙiro dabarun gwaji: a tsoma tsinken ashana a ƙyasta, a ɗiga ta cikin ruwa a ga ko za ta nutse a dunƙule, a ajiye a ga ko tururuwa za ta taru. Babu ko ɗaya a ciki da ke raba gardama, domin kaurin sukari kan haye su, ingantacciyar zuma mai ɗan ruwa-ruwa kuma ta faɗi. Har daskarewa da wasu ke ɗauka alamar sukari ce, ɗabi'ar zumar gaske ce. Kada kuma a zaci ciwon namu ne mu kaɗai. A 2023 Tarayyar Turai ta fitar da sakamakon binciken samfura 320 na zumar da ake shigar musu daga ƙetare, aka tuhumi kashi 46 cikin 100 da gauraye. In ƙasashe masu manyan ɗakunan gwaji suna shan wannan wahala, zalunci ne a ce wa matar aure ta kare kanta da tsinken ashana.

Tarihin fetur ya bi wata hanya daban, amma wuri ɗaya ya ɓulla. Tun 1973 gwamnatin Gowon ta ce lita ta zama kuɗi ɗaya a duk faɗin Nijeriya, a 1975 kuma aka kafa asusun da zai riƙa biyan kuɗin dakon mai don kada mutumin Maiduguri ya biya fiye da na Legas. Daga nan farashin lita ya zama maganar siyasa: kwabo 15 da 'yan kai a 1978, kwabo 39.5 a 1986 zamanin Babangida, naira 11 a 1994 zamanin Abacha, sai Janairun 2012 da aka ɗaga shi daga naira 65 zuwa 141, ƙasa ta tsaya cik, aka sauko 97, har ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. A duk wannan tsawon lokaci an yi yajin aiki, an yi zanga-zanga, an rasa rayuka a kan adadin da ke jikin allon gidan mai. Amma ba a taɓa yin irin wannan gangami a kan ko litar ta cika ba, ko a kan abin da ke cikinta. Ƙayyadadden farashin da ya yi ƙasa da na maƙwabta shi ya sa tankoki suka riƙa karkata zuwa Nijar da Kamaru da Benin, gidajen mai suka riƙa rufe ƙofa da rana suna sayarwa da dare, 'yan bumburutu suka cika titi da galan da mazurari. Ɗan acaɓar da ya tsaya wurinsu ya san farashin gwamnati sarai, sai dai bai san ko an sirka masa da kananzir ba sai injin ya fara tari. A Fabrairun 2022 kuwa gurɓataccen man ta babbar ƙofa ya shigo: jiragen ruwa suka kawo fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, ya wuce masu dubawa ya shiga tankunan motoci, aka yi makonni ana layi a Abuja da Legas. Direban da injinsa ya buga a lokacin yana da mai gidan mai, da mai daffo, da mai shigowa da kaya, da hukuma, kowa na nuna na gaba da shi.

Wani zai ce ana ƙawata zamanin da ne kawai. Gaskiya ne Kurmi ba aljanna ba ce. Kasuwar da ake mayar da riga mai aibi ita ce kuma ake sayar da bayi a cikinta, Shehu Usmanu ma ya koka da irin ɗibar da masu mulkin kasuwa ke yi wa 'yan tireda da mahauta. Da babu masu tauye mudu da Daular Sakkwato ba ta naɗa muhtasibi ba, da malamai ba su yi ta jan kunne da hadisin da Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tsibin abinci ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa ba. Ai ba cewa ake mutanen da sun fi mu tsoron Allah ba. Abin da ake faɗa shi ne tsarinsu ya sa ha'inci na komowa kan mai shi. Wani kuma zai tuna cewa Clapperton ɗin nan ya ce sarkin kasuwa na yanka farashin kaya, har yana karɓar la'adar wuri 50 a kan cinikin wuri 8,000. Haka ne, wasu malaman Malikiyya ma sun halatta wa shugaba yin hakan in maslaha ta buƙata. Amma sarkin kasuwa yana zaune ne cikin kasuwar, yana ganin abin da ya shigo da safe, hannun da ke yanka kuɗi shi ne kuma ke duba mudu. Farashin da aka yanka a Legas ko Abuja don ya yi aiki a Illela da Mubi ba shi da wannan ido. Ban raina kukan tsada ba, talaka na ji a jikinsa. Sai dai wanda aka tauye wa lita ko aka sirka wa mai an ƙara masa kuɗi ne a ɓoye, ko da allo bai motsa ba.

Dokoki kam ba mu rasa su ba. An kafa majalisar kare haƙƙin masu saye a 1992, NAFDAC a 1993, dokar da ta haifi hukumar kare masu saye ta FCCPC ta fara aiki a 2019 kuma ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi, dokar man fetur ta 2021 ta ɗora duba gidajen mai a kan hukumar NMDPRA. Amma kowace ƙara tana buƙatar wanda ake ƙara, gorar zuma ba ta da suna, gidajen mai da yawa kuma ba sa ba da rasit sai an roƙa. Akan ce mai amya goma a ƙauye ba zai iya ɗawainiyar rajista ba, kuma da gaskiya. Sai dai ƙungiyar masu amya ta gunduma guda za ta iya, ta sa sunanta da lambar wayarta a jikin kowace gora, ta san mamban da ya kawo kowane tulu. A gidan mai ma ba abu ne mai wuya ba a tilasta rasit ga kowane ciniki, a manna ranar da aka gwada famfo a inda direba zai karanta, a ajiye gwangwanin awo mai hatimin hukuma wanda duk mai shakka zai ce a zuba masa a ciki ya gani.