Ba da aiki kwangila: dabarar da manyan kamfanonin duniya ke rage tsadar aiki da ita

Mai gadin da ke tsaye a ƙofar banki a Maraɗi ko Yamai, galibi ba ma'aikacin bankin ba ne. Kakin da ke jikinsa na wani kamfanin tsaro ne, kuma can yake karɓar albashinsa a ƙarshen wata. Haka matar da ke share ofisoshin tun da asuba, haka direban kamiyon da ke kawo kaya. Wannan tsari shi ake kira sous-traitance ko externalisation da Faransanci, wato kamfani ya cire wani ɓangare na aikinsa ya miƙa wa wani kamfani dabam bisa yarjejeniya da farashi, maimakon ya ɗauki ma'aikata, ya sayi kayan aiki, ya yi da kansa. Da Hausa ana cewa ba da aiki kwangila.

Abin ba baƙo ba ne a kasuwannin ƙasar Hausa. Tela a Damagaram yakan karɓi ɗinkin babbar riga, ya yanka ya haɗa, sannan ya kai wa mai surfani ya yi aikin wuya. Mai riga dai tela ya sani, idan aiki ya ɓaci shi zai tuhuma. Abin da ya canza cikin shekaru 40 na baya shi ne girman lamarin da nisansa: yau mai surfanin yana iya kasancewa a Vietnam, telan kuma a Amurka.

Ana yawan haɗa wannan tsari da abin da ake kira délocalisation, alhali ba ɗaya ba ne. Lokacin da Renault ya buɗe masana'antar motoci a Tanja ta ƙasar Maroko a 2012, wuri kawai ya sauya. Masana'antar tasa ce, ma'aikatan nasa ne. Nike kuwa ba shi ke ƙera takalmansa ba. Yana zana su, yana tallata su, amma masana'antun wasu ne ke ɗinka su, kusan rabi a Vietnam.

Me kamfani ke samu

Riba ta farko ita ce arha. Ta biyu, wadda masu kamfanoni suka fi so ko da ba su cika faɗa ba, ita ce sauƙin janye jiki. Ma'aikacin dindindin ana biyansa ko kasuwa ta yi kyau ko ba ta yi ba, ana zuba masa kuɗin asusun fansho, kuma sallamarsa tana da dokoki da tsada. Kwangila kuwa tana da wa'adi. Idan ciniki ya ja baya sai a rage oda, ɗan kwangila ya san yadda zai yi da mutanensa. Akwai kuma ƙwarewa. Kamfanin TSMC na Taiwan, wanda aka kafa a 1987, ba ya sayar da waya ko kwamfuta da sunansa. Aikinsa ƙera ƙananan ƙwaƙwalen na'ura ga wasu, ciki har da Apple. Masana'anta guda irin tasa tana cin dubban miliyoyin dalar Amurka, don haka ko mai kuɗi kamar Apple ya gwammace ya zana ya kai masa. Haɗa wayar iPhone kuma yawanci Foxconn ke yi, musamman a birnin Zhengzhou na ƙasar Sin.

Duk wannan bai yiwu ba sai da jigila da sadarwa suka yi arha. Kwantena, wadda aka fara amfani da ita a 1956, ta karya kuɗin dakon kaya ta teku. Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun sa aikin ofis yana iya tsallaka nahiya cikin ƙiftawar ido. Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a watan Disamba 2001, sannan a farkon 2005 aka soke ƙayyade yawan tufafin da ƙasashe masu tasowa ke iya shigarwa Turai da Amurka.

Misalin Airtel

Masu wayar salula a Nijar suna riƙe da ɗaya daga cikin fitattun misalan wannan dabara a aljihunsu. A 2004, kamfanin Bharti na Indiya, mallakar Sunil Bharti Mittal, yana samun sabbin masu layi da saurin da ya fi ƙarfinsa. Ba ya iya ɗaukar injiniyoyi da sayen na'urori daidai da yadda jama'a ke ƙaruwa. Sai ya yi abin da kamfanonin tarho na lokacin ke ɗauka a matsayin ganganci: ya miƙa dukan aikin kwamfutocinsa ga IBM na tsawon shekara 10, kan kusan dalar Amurka miliyan 750, ya kuma miƙa ginawa da kula da rezo ga Ericsson da Nokia da Siemens.

Yadda ake biyan kuɗin shi ne asirin. Bharti ya daina sayen na'ura ɗaya bayan ɗaya. Yana biyan masu rezo gwargwadon yawan kiran da rezon ke iya ɗauka, IBM kuma yana karɓar wani kaso na kuɗin shigar kamfanin. Ke nan ɗan kwangila ba shi da riba a tura wa kamfani kayan da ba ya bukata; ribarsa tana ga rezo ya yi aiki, masu kira su ƙaru. Abin da Bharti ya riƙe a hannunsa shi ne lasisi, da suna, da tsara farashi, da abokan ciniki. Da haka ya iya sayar da mintin kira a farashin da ke cikin mafi arha a duniya, kuma ya ci riba. Abin lura, a lokacin kamfanonin Amurka da Turai ne ke kai aiki Indiya; a nan kuwa kamfanin Indiya ne ya ɗauki na Amurka da Turai kwangila.

A watan Yuni 2010 Bharti ya sayi harkokin Zain a ƙasashen Afirka 15 kan dalar Amurka miliyar 10 da miliyan 700, Nijar na ciki. Layin da aka sani da Celtel, sannan Zain, ya koma Airtel. Kafin shekarar ta ƙare, sabon mai kamfanin ya ba IBM aikin kwamfutocin Afirka, ya kuma raba aikin amsa kiran abokan ciniki tsakanin IBM da wasu kamfanonin Indiya biyu, Tech Mahindra da Spanco. Daga baya ya sayar da dogayen ƙarafan rezonsa na ƙasashe da dama ya koma haya a kansu. Na Nijar sun shiga hannun Eaton Towers, wanda American Tower ya saye a ƙarshen 2019. Mai ƙarfe shi ke da alhakin injin wuta, da gazuwal, da gadi, kuma yana iya ɗora na'urorin kamfanoni biyu ko uku a kan ƙarfe guda, kowa ya biya haya. Shi ma yakan ba wasu ƙananan kamfanoni kwangilar kai mai da gyara. Don haka idan rezo ya ɗauke a wani ƙauye na jihar Tawa, tsakanin mai waya da wanda zai je ya tada injin ana iya samun kamfani uku.

Masu amsa waya da Faransanci

A duniyar masu magana da Faransanci, aikin da aka fi kaiwa waje shi ne amsa waya. Bafaranshen da ya kira kamfanin tarho ko na inshora don ya kai kuka, sau da yawa wanda ke amsa masa yana zaune ne a Kasablanka, Tunis, Dakar, Abijan ko Antananarivo, wani lokaci da sunan aro na Faransawa. Teleperformance, wanda Daniel Julien ya kafa a Paris a 1978, ya zama babba a wannan sana'a, da ma'aikata sama da 400,000 a ƙasashe da dama.

Lissafin a fili yake. Mafi ƙarancin albashi a Faransa ya kai kusan yuro 1,800 a wata kafin a cire haraji, wato sama da sefa miliyan 1 da jika 100. Matashin da ya fara wannan aiki a Maroko ba ya samun ko rabin haka, na Madagaska kuma ya fi shi arha nesa ba kusa ba. Ga dubban matasa masu digiri da ba su da aiki, wannan abin yi ne na gaske, mai albashi a kan lokaci. Sai dai aikin da arha ta kawo, arha ke ɗauke shi. Wasu kwangilolin sun riga sun bar Maroko zuwa Madagaska, manhajojin da ke amsa tambaya da kansu suna cin wani kaso, kuma wata dokar Faransa ta 30 ga Yuni 2025 ta hana kiran mutum don talla ba da yardarsa ba daga watan Agusta 2026. Majalisar wata ƙasa ce ta kaɗa ƙuri'a, amma a Kasablanka ake lissafin guraben aikin da za su tafi.

Nijar ba ta samu wani kaso na a zo a gani a wannan kasuwa ba, duk da matasanta masu Faransanci. Mai ba da irin wannan kwangila yana fara tambayar wutar lantarki da ba ta yankewa da intanet mai arha kafin ya tambayi albashi.

Inda dabarar ke cin mai ita

Kamfanin jiragen sama na Boeing ya gwada miƙa mafi yawan aikin jirginsa samfurin 787 ga wasu: fukafukai daga Mitsubishi na Japan, sassan gangar jiki daga Alenia na Italiya da wasu. Niyyar ita ce sassa su iso a shirye, a haɗa cikin ƴan kwanaki. Sai suka riƙa isowa ba a kammala ba, wasu ba su dace da juna ba. Jirgin da aka yi alƙawarin miƙawa a 2008 bai kai hannun mai saye na farko ba sai watan Satumba 2011, bayan Boeing ya sayi masana'antar ɗaya daga cikin ƴan kwangilar don ya gyara da kansa. Tarihi ya maimaita kansa: sashen ƙera gangar jirgi da ya sayar a 2005, wanda ya zama Spirit AeroSystems, shi ya amince ya sake saye a 2024 kan dalar Amurka miliyar 4 da miliyan 700, watanni kaɗan bayan wani murfin ƙofa ya fice daga jirgin 737 yana sama. Shara da gadi ana iya ba kowa. Aikin da sunan kamfani ya rataya a kansa, idan ya bar gida, sanin yadda ake yinsa ma yakan bi shi.

Wa ke da alhaki

Ranar 24 ga Afrilu 2013, wani bene mai hawa 8 da ake kira Rana Plaza ya rushe a Savar, kusa da Dhaka babban birnin Bangaladash. Mutum 1,134 suka mutu, kusan 2,500 suka jikkata, akasarinsu mata masu ɗinki. Tun jajibiri aka ga bango ya tsage. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, amma aka umarci masu ɗinki su koma bakin aiki. A cikin ɓaraguzai an tsinci tambarin sanannun shagunan tufafi na Turai da Amurka ta Arewa, wasunsu kuma suka ce ba su san ana ɗinka kayansu a can ba. Mai yiwuwa gaskiya suka faɗa, domin ɗan kwangila yakan sake ba wani kwangila, shi ma ya ba wani. Amma rashin sanin yana cikin abin da ke sa kayan arha.

Bayan wannan masifa kamfanoni sama da 200 suka sa hannu kan yarjejeniyar binciken lafiyar gine-ginen masana'antu a Bangaladash. Faransa ta kafa dokar 27 ga Maris 2017, wadda ta tilasta wa kamfanin da ke da ma'aikata 5,000 a cikin ƙasar, ko 10,000 a duniya, ya sa ido kan haƙƙin ɗan Adam da muhalli har a wurin ƴan kwangilarsa da masu kawo masa kaya. Tarayyar Turai ta amince da makamanciyarta a 2024, sai dai an ɗage fara aiki da ita.

A Nijar, bambancin ma'aikacin kamfani da na ɗan kwangila ya fito fili ranar 31 ga Maris 2021, da aka rufe mahaƙar uranium ta Cominak a Akuta, kusa da Arlit, bayan sama da shekara 40 ana haƙa. Ma'aikatan kamfanin kusan 600 sun samu kuɗin sallama na watanni da dama bisa yarjejeniyar da aka cimma da ƙungiyoyin ƙwadago. Akwai kuma wasu kusan 700 da ke aiki a wurin ƙarƙashin ƴan kwangila, wasunsu shekaru da yawa suna shiga rami ɗaya da na farkon, suna shaƙar ƙura ɗaya. Su yarjejeniyar ba ta haɗa da su ba, domin a takarda ba Cominak ya ɗauke su ba. Sun yi ta kokawa da neman a daidaita su da sauran, kuma abin da suka samu a ƙarshe bai kama ƙafar na ma'aikatan dindindin ba.